In Ji Wa?

An ɗauke wuta tun magariba.
Ga ni, ga tocila, ga jan bik,
ga kaye saba'in da uku na ƴan ajin ƙarshe
waɗanda bak ke jira a bakin damina.
Bayan bak kuma sai jami'a, in da rabo,
inda ba wanda ya san ubanka
balle ya yi maka uzuri.

Sahabi ya buɗe da "tun da aka halicci duniya".
Yaro, tambayar a kan rijiya take.
Kafin ka iso Tawa daga can
takarda ta ƙare, jaki ya kwanta.

Abarshi ya kwaso shafi biyu daga salula,
sumul, ko ƙaya babu.
Na san tafiyar hannunsa, na san inda yake tuntuɓe.
Na rubuta a gefe: zanen aro ba ya rufe katara.
Ba aron ne laifi ba,
faɗi mai shi, ka ɗaura ba kunya.

Sai Haulatu, ƴar Kalfu, mai zama a bencin baya:
"Kowa ya san ruwa na gudu ƙasa."
Na zagaye Kowa da ja.
Wane ne shi? A Bilbis yake ko Kurfayawa?
Ɗan wa? Kawo shi in gaishe shi.
Da na maida mata kayen ba ta ce uffan ba,
ta naɗe shi kamar mai naɗe tabarmar makoki.
Na kwana ina tuhumar jan bik ɗina.

Ran Litinin ta shigo da buhu.
Ajin ya ɗauka albasa ce.
Ta zazzage igiyar guga a gaban allo,
baƙa, ta sha tafin hannu har tana ƙyalli.
Ta ce ta kakarta ce, Tsahara,
duk sa'ad da guga ya kasa taɓa ruwa
sai a ƙara tsawo, a ƙulla.
Ƙulli goma sha ɗaya.
Wannan shekarar fara.
Wannan shekarar da baba ya tafi Abijan.
Wannan, da aka haife ni.
Daga shi zuwa na bana gaba huɗu da kamu,
na auna sau biyu.

Na ce to, yanzu kin zo da shaida.
Amma rijiya guda ba ita ce Adar ba,
kada guga ya fi ƙarfin igiya.
Wani zai ce bakin rijiyar aka ɗaga da siminti,
wani ya ce tsohuwa ta manta lissafi.
Shimfiɗa musu tabarma cikin rubutunki,
ba su ruwa, bari su gama,
sannan ki amsa.
Abin da ba ki sani ba, ki ce ban sani ba.
Shi ma jimla ce, har da aya.

Sau huɗu ta sake shi.
Na huɗun ya rame, ya tsaya da ƙafarsa.

Jiya ina kan allo, alli ya hau mini kai,
na ce a jami'a ba a rubuta "ni a ganina".
Yatsa ya tashi daga bencin baya.
"In ji wa, Mushe?"

Ko Abarshi bai yi dariya ba.

Shekara ashirin da biyu ina faɗar maganar nan
kamar mai raba goron suna.
Na ce ran Alhamis zan kawo.

Ga ni yanzu, wuta ba ta dawo ba,
tocila a baki, na durƙusa gaban tsohon akwati
ina neman takarduna na Yamai.
Gara ta riga ni karanta rabi.